Allan Cormack: Malamin jami'ar da ya share wa likitoci hanyar leƙa cikin ƙwaƙwalwa ba tare da an fasa kai ba

Idan dattijo ya yanke jiki ya faɗi a Ƙofar Mazugal, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ko kuma matashi ya faɗo daga kan babur ya bugu a ka, abin da likita zai fara nema bayan an isa asibiti shi ne hoton kai. A Kano sau da yawa akan tura dangi zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko wata cibiyar ɗaukar hoto mai zaman kanta, domin a saka maras lafiya a na'urar CT.

Likita na da dalilinsa. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko dai jini ya daskare ya toshe jijiya, ko kuma jijiya ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Daga waje alamominsu kusan ɗaya ne, amma maganin tsinka jini da zai taimaki na farko yana iya zama ajalin na biyu. Hoton ne ke raba gardama cikin 'yan mintuna.

Ɗaya daga cikin mutum biyu da duniya ta karrama saboda wannan fasaha ya fara tunaninta ne a wani asibiti a nahiyar Afirka, a shekarar 1956. Sunansa Allan MacLeod Cormack. Bai taɓa karatun likita ba, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai kammala digiri na uku ba.

Autan gida mai son taurari

An haifi Cormack ranar 23 ga Fabrairun 1924 a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu. Iyayensa 'yan asalin Sikotilan ne da suka yi ƙaura zuwa can. Mahaifinsa injiniya ne a gidan waya, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta, shi ne autansu cikin 'ya'ya uku.

Aikin mahaifin ya sa suka yi ta sauya gari, har suka tare a Cape Town a 1936, shekarar da mahaifin ya rasu. A makarantar sakandaren maza ta Rondebosch, ilimin taurari ne ya ɗauke hankalin yaron, kuma ta nan ya gane cewa ba a sanin taurari sai da lissafi da kimiyyar fiziks.

Sai dai ilimin taurari ba ya ciyar da mutum a wancan lokaci, don haka ya bi sawun mahaifinsa da yayansa, ya shiga karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Cape Town. Bayan shekara biyu ya sauya sheƙa zuwa fiziks. Ya samu digirin farko a 1944, na biyu kuma a 1945, a ƙarƙashin Farfesa R. W. James, masanin da ke amfani da hasken eksire wajen gano yadda ƙwayoyin zarra ke jeruwa a cikin ma'adanai.

A 1947 ya tafi Jami'ar Cambridge a Ingila domin neman digiri na uku a fannin nukiliya. A ajin fitaccen masanin nan Paul Dirac ya haɗu da wata ɗaliba Ba'amurkiya, Barbara Seavey. Suna son aure, shi kuwa ba shi da kuɗi. Da tsohuwar jami'arsa ta yi masa tayin aikin koyarwa, sai ya karɓa, suka yi aure a 1950, ya koma Cape Town ba tare da digirin da ya je nema ba.

Aikin kwana ɗaya da rabi

A 1955 masanin fiziks da ke aiki a Asibitin Groote Schuur ya ajiye aiki. Wannan shi ne asibitin da daga baya, a 1967, Dokta Christiaan Barnard ya yi dashen zuciyar ɗan Adam na farko a duniya.

Dokar ƙasar ta tanadi cewa dole a samu ƙwararre da zai riƙa sa ido kan sinadaran nukiliya da asibiti ke amfani da su. Cormack ne kaɗai masanin nukiliya a birnin, don haka aka roƙe shi ya riƙa zuwa kwana ɗaya da rabi a kowane mako kafin a samu wani.

A sashen gashin cutar daji ya ga abin da ya tsaya masa a rai. Likitoci na harba haske mai ratsa jiki domin ƙone ƙari, amma jadawalin da suke auna yawan hasken da shi yana ɗaukar jikin mutum tamkar abu guda ne mai kauri ɗaya. Alhali ƙashi yana tare haske sosai, tsoka tana tare kaɗan, huhu mai cike da iska kuwa kusan wucewa hasken ke yi. Kuskure a nan na nufin ko a ƙona nama mai lafiya, ko a bar ƙarin da rai.

Cormack ya tambayi kansa: shin za a iya sanin kaurin kowane gurbi a cikin jiki ta hanyar aunawa daga waje kawai?

Hoton eksire, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, ba ya amsa wannan tambaya. Inuwa yake bayarwa, inda na gaba da na baya ke hawa kan juna. A kai kuwa ƙoƙon kai ne ke mamaye hoton, ƙwaƙwalwa ba ta fitowa. Kafin likitocin wancan zamani su hango wani abu, sai sun zuƙe wani ɓangare na ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa su ɗura iska a madadinsa, aikin da ke barin maras lafiya da amai da matsanancin ciwon kai na kwanaki.

Lissafin rumbuna uku

Dabarar Cormack tana da sauƙin fahimta. A ɗauka akwai rumbuna uku a rufe, ba a yarda a buɗe ko ɗaya ba. Amma an ce na farko da na biyu idan aka haɗa damin gero 7 ne, na farko da na uku dami 8, na biyu da na uku dami 5.

Idan aka tara duka an samu 20, kuma kowane rumbu an ƙirga shi sau biyu, ke nan jimillar gaskiya 10 ce. Cire 5 daga 10, na farko yana da dami 5. Na biyu 2, na uku 3. An san abin da ke ciki ba a ɗaga murfi ba.

Haka abin yake a jiki. Kowane siririn haske da ya ratsa kai yana fita da rauni gwargwadon jimillar abin da ya tarar a hanya. Idan aka harba shi ta kusurwoyi masu yawa aka auna kowanne, lissafi zai iya fitar da kaurin kowane ɗan gurbi. Sakamakon shi ne hoton yanki guda na kai, kamar an yanka albasa a tsakiya an duba cikinta. Bambancin kawai, rumbunan da ke cikin kai dubbai ne.

Cormack ya ɗauka tabbas wani masani ya riga ya warware wannan lissafi. Ya bincika bai samu ba, sai ya zauna ya yi da kansa.

A 1957 ya gwada shi a Cape Town. Ya sa aka ƙera masa dunƙulen alminiyam aka kewaye shi da katako, ya ratsa shi da hasken da ke fita daga sinadarin kobalt. Lissafin ya nuna cewa tsakiyar dunƙulen ta bambanta da sauran. Da ya tuntuɓi masu ƙirar, sai suka shaida masa cewa da zallar alminiyam suka yi tsakiyar, sauran kuma da gauraye. Lissafin ya tona abin da shi kansa mai gwajin bai sani ba.

Takardun da ba a kula ba

A shekarar ce Jami'ar Tufts da ke jihar Massachusetts a Amurka ta ɗauke shi aiki, bayan hutun bincike da ya yi a Jami'ar Harvard. Babban aikinsa a can shi ne koyarwa da binciken ƙwayoyin zarra. Maganar hoton jiki aikin gefe ce da yake taɓawa idan ya samu sarari.

A 1963 ya sake gwaji da wani abu mai kama da kan mutum: zoben alminiyam a matsayin ƙoƙon kai, roba a matsayin ƙwaƙwalwa, da ƙananan faifan alminiyam biyu a matsayin ƙari. Kayan gwajin ba su wuce na kimanin dala 100 ba. Lissafin ya nuna inda faifan suke.

Ya wallafa sakamakon a takardu biyu, a 1963 da 1964, a mujallar Journal of Applied Physics. Shiru kake ji. Likitoci ba sa karanta mujallar fiziks, masana fiziks kuma ba su damu da matsalar asibiti ba. Cikin 'yan ƙalilan da suka nemi kwafi har da wata cibiya a Suwizalan mai nazarin zaftarewar dusar ƙanƙara, wadda ke tunanin ko dabarar za ta auna zurfin ƙanƙara a kan duwatsu.

Cormack ya ci gaba da harkarsa. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1966, ya shugabanci sashen fiziks na Tufts daga 1968 zuwa 1976. Sai daga baya ya gano cewa wani masanin lissafi ɗan Ostiriya, Johann Radon, ya warware irin wannan matsala tun 1917, ba tare da tunanin asibiti ba. Cormack bai ɓoye hakan ba, ya riƙa ambatar Radon a rubuce-rubucensa da jawabansa.

Injiniyan Ingila da lambar Nobel

A can Ingila kuwa, wani injiniya mai suna Godfrey Hounsfield da ke aiki a kamfanin EMI ya faɗo kan wannan tunani shi kaɗai, bai san da aikin Cormack ba. Shi yana da abin da Cormack ya rasa: kamfani, kwamfuta, da likitan da ya yarda ya gwada, wato Dokta James Ambrose.

Ranar 1 ga Oktoban 1971, a Asibitin Atkinson Morley da ke Landan, aka saka wata mata da ake zargin tana da ƙari a ƙwaƙwalwa a cikin na'urar. Hoton ya nuna inda matsalar take, kuma da aka yi tiyata aka same ta a wurin. Na'urar farko tana raba hoto gida 80 a tsaye da 80 a kwance, wato gurbi 6,400, kuma takan ɗauki mintuna kafin ta gama yanki. Ta yau tana gama kai gaba ɗaya cikin daƙiƙoƙi.

A 1979 aka ba Cormack da Hounsfield lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci. Babu likita a cikinsu, babu kuma wanda ya yi digiri na uku. Shekara 16 ke nan bayan takardar farko da aka yi biris da ita.

Tasirinsa a likitancin nukiliya

Amfanin lissafin bai tsaya a CT ba. Tun a takardunsa na farko Cormack ya nuna cewa za a iya juya abin: maimakon a harba haske daga waje, a saka wa maras lafiya ɗan sinadarin nukiliya kaɗan a jini, sannan a auna hasken da ke fitowa daga cikin jikinsa.

A kan irin wannan tushe na'urorin PET da SPECT ke aiki. CT tana nuna siffar ƙwaƙwalwa, su kuwa suna nuna yadda take aiki: inda jini ke gudana, da inda ake cin sukari da yawa ko kaɗan. Da su ake bin sawun cutar daji idan ta bazu, ake neman tushen farfaɗiya kafin tiyata, ake kuma nazarin cutar mantuwa ta tsufa.

A Najeriya akwai sassan likitancin nukiliya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. A Arewa, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ce ke riƙe da tukunyar nukiliya ta bincike da aka ƙaddamar a 2004. Kujerar da Cormack ya riƙe na wucin gadi a Groote Schuur ta zama sana'a mai zaman kanta, wato masanin fiziks na asibiti. Shi ne ke auna hasken da za a harba wa mai cutar daji, ya kuma tabbatar na'ura ba ta zarce ƙima ba, domin hasken CT ya fi na eksiren ƙirji yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a ɗaukar hoton sai likita ya ga buƙata.

Ƙarshen rayuwa

Bayan Nobel, Cormack ya ci gaba da zama a Tufts, yana faɗaɗa lissafin da ya faro a Cape Town. A 1990 Amurka ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa a fannin kimiyya.

Ya rasu ranar 7 ga Mayun 1998 a garin Winchester na jihar Massachusetts yana da shekara 74, sanadiyyar cutar daji, cutar da ya fara tunanin lissafinsa domin masu fama da ita. Ya bar matarsa Barbara da 'ya'ya uku.

A 2002, shekara huɗu bayan rasuwarsa, gwamnatin Afirka ta Kudu ta ba shi lambar Mapungubwe, ɗaya daga cikin manyan lambobin girmamawa na ƙasar da aka haife shi.