Marigayiya Dokta Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

Duk wanda aka ba shi canjin naira ashirin a kasuwar Ɗambatta, idan ya juya bayan takardar zai ga hoton wata mace tana aikin tukunya. Mutane da yawa suna kashe wannan kuɗi kullum ba tare da sun san ko wace ce ba. Ita ce marigayiya Dokta Ladi Kwali, wadda aka sa hotonta da sunanta a kan takardar tun 2007, watau bayan hoton marigayi Janar Murtala Muhammed.

An haifi Ladi wajen 1925 a garin Kwali ta ƙasar Gwari, wadda yanzu take cikin Babban Birnin Tarayya. A wurin Gwarawa ginin tukwane sana'ar mata ce. Ladi ba ta yi karatun boko ba. Tun tana yarinya aka sa ta koyon gini a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Hanyar ginin kuwa ita ce a murza yumɓu kamar igiya, a riƙa ɗora shi zagaye bisa zagaye, ana latsawa da yatsu, ana daidaita shi da ɗan katako har tukunya ta tashi. Kafin ta bushe sai a zana mata ado, sa'an nan a tara itace da ciyawa a gasa ta a fili. Ladi ta gwanance wajen ginin randa da tulu da tukunyar girki, tana yi musu zanen kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da maciji, da kifi, da tsuntsaye.

Kyan aikinta ya sa sarakuna suka riƙa sayen tukwanenta don ado. Daga cikinsu akwai Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau. Abujar da ake nufi a nan ita ce tsohuwar, wadda aka mayar da sunanta Suleja bayan an ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976. A gidan wannan sarki ne wani Bature mai suna Michael Cardew ya fara ganin aikin Ladi cikin 1950, lokacin da gwamnati ta ɗauke shi ya zaga ƙasa don duba yadda za a kyautata sana'ar tukwane. Shi ne ya kafa makarantar koyon ginin tukwane ta Abuja, wadda ta soma aiki a 1952. Da fari maza kaɗai aka ɗauka. A 1954 Ladi ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin.

A makarantar ta koyi gini a kan faifan juyi, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a cikin tanderu mai tsananin zafi. Ta yi kwanuka da butoci da farantai. Amma ba ta yar da abin da ta gada ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu kamar yadda aka koya mata a Kwali, sai dai yanzu da yumɓu mai jure wuta, tana cike zanen da farar ƙasa, a shafa ruwan ƙyalli a kai, zanen ya riƙa bayyana ta ƙarƙashinsa. Ganin nasararta ya jawo wasu mata, kamar su Halima Audu, da Asibi Ido, da Lami Toto, da Kande Ushafa, har aka keɓe musu wurin aiki da ake kira Ɗakin Gwari.

A nan akwai abin lura. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne domin jikinta yana tsattsafo, iska tana busar da danshin tana tafiya da zafi. Randar da aka shafa wa ruwan ƙyalli ba ta tsattsafo, ga nauyi, ga tsada. Saboda haka sabuwar randar Ladi ta bar gindin bishiya da ɗakin girki, ta koma abin kallo. Matan ƙauye ba su da abin yi da ita, masu tara kayan fasaha kuwa suka yi ta rububinta.

An nuna kayanta a birnin Landan cikin 1958 da 1959 da 1962, aka yi ta yabo. Ita kanta ta je Ingila da Faransa da Jamus, tana gina randa a gaban jama'a. A 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew. A yau ana samun aikinta a gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da na fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, da kuma Jami'ar Aberystwyth ta ƙasar Wales. Yawancinsu suna ɗauke da tambarinta na haruffa biyu, L da K, tare da hatimin Abuja a rubutun ajami.

Wannan tambari ba ƙaramin abu ba ne. Gidajen tarihi na duniya cike suke da tukwanen Afirka waɗanda aka rubuta musu sunan ƙabila kawai, ba a san hannun da ya gina su ba. Haka abin yake ga Indiyawan Amurka na asali, har sai da aka san Nampeyo ta ƙasar Hopi a Arizona, wadda ta rasu a 1942, da Maria Martinez ta San Ildefonso a New Mexico, wadda ta rasu a 1980. Su ma da hannu suke gini, ba da faifai ba, kuma daga mata 'yan'uwansu suka koya. Abin da waɗannan biyu suka yi wa mutanensu shi Ladi ta yi wa maginan Nijeriya: ta sa aka san maginiya da sunanta.

Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar M.B.E. jim kaɗan bayan samun mulkin kai. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dokta a 1977. A 1980 ta sami lambar yabo ta ƙasa da ake bai wa masana, a 1981 kuma aka ba ta O.O.N. An sa wa makarantar da ta yi aiki sunanta, haka kuma wani babban titi a Abuja. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984.

Har yanzu akwai magina a ƙauyukan Kano da sauran ƙasar Hausa, amma roba da dalma sun cinye musu kasuwa, 'ya'yansu kuma suna gudun sana'ar. Ma'aikatan al'adu da ɗalibai za su iya soma gyara da abu mai sauƙi: duk tukunyar da za a kai gidan tarihi, a rubuta sunan wanda ya gina ta, da garinsu, da shekarar ginin. Da Sarkin Abuja bai adana tukwanen Ladi ya kuma san mai su ba, da wataƙila ta ƙare rayuwarta ba wanda ya ji labarinta bayan Kwali.