William na Sur: Malamin cocin da ya fara gano kuturtar sarkin Ƙudus

A shekarar 1124 mayaƙan Salibiyya suka ƙwace Sur, birnin gaɓar teku da ke kudancin Labanan a yau, da taimakon jiragen ruwan Benis. Sun naɗa masa babban bishop na Katolika, sai cocin Antakiya da na Ƙudus suka shiga jayayya kan wanda kujerar za ta bi, har Fafaroma ya ba Ƙudus. Cikin duk waɗanda suka hau kujerar, William ne ya fi suna.

An haife shi a Ƙudus wajen 1130. Ya yi kusan shekara 20 yana karatu a Faransa da Italiya, ya dawo gida a 1165. Bayan shekara biyar Sarki Amalric ya damƙa masa tarbiyyar ɗansa Baldwin.

Wata rana yaran fada na wasan mintsinin juna, kowa na ihu, ban da yarima. Da farko William ya ɗauka jarumta ce. Da ya bincika sai ya tarar hannun daman yaron ba ya jin zafi sam. Ashe kuturta ce ta fara kama magajin sarauta. Haka Baldwin ya hau mulki a 1174 yana ɗan shekara 13. A shekarar William ya zama magatakardan masarauta, a 1175 kuma babban bishop na Sur.

Daga nan tauraronsa bai ƙara hawa ba. A 1180 kujerar shugaban cocin Ƙudus ta faɗi, aka ba Heraclius, wanda mahaifiyar sarki ke mara wa baya. William ya koma ga alƙalaminsa.

Tarihin masarautar da ya rubuta da Latin har yau shi ne babban abin dogaron masana, ko da yake akwai jin haushin abokan hamayyarsa a ciki. Bai raina abokan gaba ba: ya yaba wa adalcin Nuruddin, ya kuma fahimci cewa haɗe Masar da Sham a hannun Salahuddin babbar barazana ce ga masarautar. Ya rubuta wani littafi kan sarakunan Musulmi, amma ya ɓace, abin takaici.

Labarinsa ya tsaya a 1184. Ya rasu wajen 1186, Salahuddin ya karɓi Ƙudus a 1187. Sur kuwa ta ci gaba da zama a hannun 'yan Salibiyya har 1291.