Florence Nightingale: ma'aikaciyar jinyar da ta mayar da rajistar asibiti hujja

A Amurka akwai ma'aikatan jinya da aikinsu shi ne lauyoyi su kawo musu takardun majinyaci, su duba ko an yi sakaci. Har ƙungiya suka kafa a 1989. To amma tun kafin a san wannan sana'a da suna, wata 'yar Ingila ta yi kusan irinta, kuma wadda ta tuhuma gwamnati ce sukutum.

An haifi Florence Nightingale ranar 12 ga Mayu 1820 a birnin Florence na Italiya, a gidan masu hali. Iyayenta ba su so ta yi jinya ba, don a lokacin ana ganin aikin ƙasƙanci ne. Ta dai kafe, ta je Kaiserswerth a Jamus ta koyi aikin a 1851.

A Nuwamba 1854 ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari, a Istanbul ta yau, tare da mata 38, ana tsakiyar yaƙin Crimea. A hunturun farko kaɗai sojoji sama da 4,000 suka mutu a wurin. Mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba, kwalara ce da taifot da atini. Sai a Maris 1855 aka turo kwamitin tsafta ya wanke magudanan ƙazanta, ya buɗe hanyar iska, mace-macen suka ragu.

Labarin fitilar da take zagaya majinyata da ita da dare kowa ya san shi. Ni kam abin da ta yi bayan ta koma gida a 1856 ya fi burge ni. Ta gana da Sarauniya Victoria, ta matsa sai da aka kafa kwamitin bincike kan lafiyar soja a 1857, ƙarƙashin Sidney Herbert. Ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr, suka bi rajistar mamata wata bayan wata. Suka gano cewa ko a lokacin zaman lafiya, sojan da ke bariki a Ingila ya kusan ninka farar hula sa'ansa wajen mutuwa. Lissafin fa bai bar ta ba ita ma: asibitin da ta yi aiki a ciki yana cikin inda aka fi mutuwa. Ta ba kwamitin shaidarta a rubuce, ta kuma fitar da rahoto mai shafi sama da 800 a 1858, da zane-zanen da ko minista mai gaggawa zai gane da kallo ɗaya.

Haka ta sake yi da wani talaka, Timothy Daly, ya rasu a 1864 bayan sakacin jinya a gidan gajiyayyu na Holborn. Ta riƙe maganar, ta yi ta rubuta wa hukuma, kuma matsin nata na cikin abin da ya kai ga dokar 1867 kan jinyar matalautan Landan.

Yawancin wannan aiki daga ɗaki ta yi shi, don ciwo ya kwantar da ita shekaru da dama. Makarantar jinyarta ta buɗe a asibitin St Thomas a 1860. Ta rasu a Landan ranar 13 ga Agusta 1910, tana da shekara 90.