Robert Wilson: Masanin da ya fito daga aikin bam ɗin nukiliya ya share fagen maganin ƙarin ƙoƙon kai

An haifi Robert Rathbun Wilson ranar 4 ga Maris, 1914 a garin Frontier da ke Jihar Wyoming ta Amurka, ƙasar makiyayan shanu. Ya yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a ƙarƙashin Ernest Lawrence, wanda ya ƙirƙiri na'urar saikulotoron mai cilla ƙwayoyin zarra da gudu. A nan ya kammala digirin digirgir a fannin fiziks a 1940.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ja shi zuwa Los Alamos, inda Amurka ta tara masana a asirce don ƙera bam ɗin nukiliya. Ya shugabanci rukunin masu aiki da saikulotoron, daga baya aka ba shi sashen bincike baki ɗaya, kuma yana cikin waɗanda suka shaida gwajin farko a hamadar New Mexico ranar 16 ga Yuli, 1945. Abin da ya biyo baya a Hiroshima da Nagasaki ya tsaya masa a rai. Da yaƙin ya ƙare, sai ya shiga sahun masanan da suka kafa ƙungiyar neman a sa wa makaman nukiliya linzami.

A 1946, yana koyarwa a Jami'ar Harvard, ya wallafa gajeriyar maƙala a mujallar likitoci ta Radiology. Hujjarsa ta ginu ne kan abin da William Henry Bragg ya gano tun farkon ƙarni na 20: ƙwayar zarra mai nauyi idan ta shiga abu, takan zubar da mafi yawan ƙarfinta ne a daidai inda za ta tsaya. Hasken da aka saba gasa ciwon daji da shi yakan ƙona naman da ke gaban ƙari, ya ratsa ƙarin, ya kuma wuce ya taɓa abin da ke bayansa. Furoton kuwa ana iya saita gudunsa ta yadda zai tsaya a cikin ƙarin. Wilson ba likita ba ne, amma ya lissafa irin ƙarfin da furoton ke buƙata don isa zurfin jikin mutum, ya nuna cewa na'urorin da ake ginawa a lokacin za su iya samar da shi.

Amfanin wannan tunani ya fi fitowa fili a wuraren da kuskuren milimita kaɗan kan jawo makanta ko shanyewar jiki. Akwai wani ƙari da likitoci ke kira kodoma, wanda kan tsiro a gindin ƙoƙon kai ko a ƙashin baya, yana kama kusan mutum ɗaya cikin miliyan a shekara. Yana zaune dab da tushen ƙwaƙwalwa da jijiyoyin gani da laka, don haka da wuya tiyata ta cire shi kakaf, ga shi kuma ba ya jin gashi sai mai ƙarfin gaske, wanda jijiyoyin da ke kewaye da shi ba za su jure ba.

Wasu ne suka kai maganar ɗakin jinya. An fara gwada furoton kan majinyata a Berkeley a 1954, sai Uppsala ta ƙasar Suwidin a 1957. A cikin shekarun 1970, likitocin Babban Asibitin Massachusetts ƙarƙashin Herman Suit suka soma amfani da saikulotoron na Harvard wajen jinyar masu kodoma da ƙarin guringuntsi na gindin ƙoƙon kai. Har gobe dai maganin yana da tsada ainun, kuma ƙasashe ƙalilan ne ke da cibiyoyinsa.

Shi kuwa Wilson ya koma Jami'ar Cornell a 1947. A 1967 aka naɗa shi daraktan farko na cibiyar binciken zarra da ke Batavia, Jihar Illinois, wadda ake kira Fermilab a yau. Mutum ne mai sha'awar sassaƙa, ya kuma sa hannu a zanen gine-ginen cibiyar, har ya kawo garken ɓaunar Amurka ya saka a filinta. Da wani sanata ya tambaye shi a 1969 ko na'urar za ta taimaka wa tsaron ƙasa, ya amsa cewa ba ta da wata alaƙa da hakan, sai dai tana cikin abubuwan da ke sa ƙasa ta cancanci a kare ta. Ya ajiye muƙaminsa a 1978 don nuna rashin jin daɗin ƙarancin kuɗin da gwamnati ke ba cibiyar.

Masanan Fermilab ɗin ne suka ƙera na'urar da aka girka a Loma Linda da ke Kalifoniya, cibiyar furoton ta farko da aka gina a cikin asibiti a Amurka, wadda ta karɓi majinyata a 1990. Wilson ya rasu ranar 16 ga Janairu, 2000 a Ithaca, yana da shekara 85, aka binne shi a tsohuwar maƙabartar da ke cikin harabar Fermilab.