Atanasiyus Na Iskandariya, Bishof Da Sarakuna Huɗu Suka Kora

A cikin manyan malaman Kirista na zamanin dā, da ƙyar a sami wanda ya sha wuya a kan tsaron Bishara daga gurɓacewa kamar Atanasiyus, mutumin Iskandariya ta ƙasar Masar. An haife shi wajen shekara ta 296, ya tashi a hannun Bishof Iskandar, har ya zama magatakardansa.

Akwai wani limamin ikilisiya a birnin, sunansa Ariyus, asalinsa Libiya, mutum ne mai fasahar magana da kamun kai. Wajen shekara ta 318 sai ya soma koyar da cewa Almasihu halitta ne, ko da yake shi ne mafi ɗaukaka cikin halitta, amma yana da mafari. Bai tsaya ga wa'azi kaɗai ba, har ya tsara koyarwar cikin waƙe, aka ce matuƙan jirgi da masu niƙa su kan rera ta a bakin aiki. Duk wanda ya taɓa riƙe aji kuwa ya san abin da ya shiga kan yaro ta hanyar waƙa, fitar da shi sai an yi da gaske.

Ga Kirista wannan ba ƙaramar magana ba ce, gama abin da suka riƙe shi ne Allah da kansa ya zo cikin Almasihu domin ceton mutane. Hujjar Atanasiyus ita ce, in Almasihu halitta ne, to, halitta ba ta da ikon fid da 'yar'uwarta halitta daga mutuwa, sujadar da ake yi masa kuma ta zama bautar abin halitta. Watau in an bi Ariyus, sunan Bishara ne kawai zai saura.

Da rigima ta tsananta, Sarki Kustantin ya tara bishof wajen 300 a garin Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekara ta 325. Atanasiyus ya je a bayan maigidansa. Taron ya yanke cewa Ɗan zatinsa ɗaya da Uban, aka kori Ariyus tare da bishof biyu da suka ƙi sa hannu. Bayan shekara uku Iskandar ya rasu, aka naɗa Atanasiyus a gurbinsa. Shi ne ma daga baya ya naɗa Furumentiyus bishof na farko a ƙasar Habasha.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Magoya bayan Ariyus suka sami shiga a fada, sarki kuwa zaman lafiyar ƙasa yake so, ya umurta a mai da Ariyus cikin jama'a. Atanasiyus ya ƙi. Sai aka koma ga sharri. A taron Taya, cikin 335, aka tuhume shi da kashe wani bishof mai suna Arseniyus, da yanke hannunsa don tsafi. Ya fito musu da mutumin da ransa, da hannuwansa biyu. Duk da haka aka tuɓe shi, sa'an nan aka gaya wa sarki wai ya yi barazanar hana jiragen hatsi tashi daga Masar zuwa Kustantiniya. Nan take aka kore shi zuwa Tiriya, a ƙasar Jamus ta yau.

Sau biyar ana korarsa, a hannun Kustantin, da ɗansa Kustantiyus, da Yuliyan, da Balens, jimlar zaman gudun hijira kamar shekara 17. Mafi muni shi ne na 356. Da tsakar dare sojoji suka kewaye majami'ar da yake addu'a da jama'a, aka fid da shi cikin ruɗu, ya shige hamadar Masar wurin masu zuhudu. Shekara shida ana nemansa, ba wanda ya tona inda yake. A can ya rubuta littattafan mai da martani ga Ariyawa, da tarihin Antoni mai zuhudu.

Gaskiya ita ce mutum ne mai zafin hali. Akwai wata tsohuwar wasiƙa da aka tono a Masar mai kukan yadda mutanensa suka duki 'yan wani ɓangare da ake kira Melitiyawa, wannan kuwa tabo ne ga sunansa. Amma a kan asalin maganar bai taɓa yarda a sassauta kalma ɗaya don faranta ran sarki ba, a lokacin da bishof da yawa suka sa hannu a kan abin da aka miƙa musu don gudun kora.

A shekara ta 367, cikin wasiƙarsa ta Idin Tashin Almasihu, ya jera wa jama'arsa littattafai 27 na Sabon Alkawari, don kada a ruɗe su da littattafan da aka jingina wa manzanni a kan ƙarya. Ita ce takarda mafi tsufa da ke ɗauke da wannan jeri daidai yadda yake a hannun Kirista har wa yau.

Ya rasu a gidansa a Iskandariya ran 2 ga Mayu, 373, bayan shekara 45 da naɗinsa. Shekara takwas bayan haka, a 381, taron Kustantiniya ya sāke tabbatar da hukuncin Nikiya.