John Bell, ma'aikacin da ya samo hanyar raba gardamar Einstein

An haifi John Stewart Bell a birnin Belfast na Ireland ta Arewa ranar 28 ga Yuli, 1928, a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Da ya gama sakandare yana ɗan shekara 16, sai ya kama aikin ɗan taimako a ɗakin gwaje-gwajen fiziks na Jami'ar Queen's. Malaman suka ga hazaƙarsa, suka riƙa ara masa littattafai, har ya shiga karatu sosai, ya fita da digiri biyu a 1948 da 1949.

Aikin gwamnati ya fara, a hukumar binciken makamashin nukiliya ta Birtaniya, yana lissafin injinan da ke harba ƙananan ƙwayoyin zarra da gudu. A 1960, shi da matarsa Mary, wadda ita ma masaniyar fiziks ce, suka koma cibiyar CERN da ke Geneva. Wannan fanni ne ake biyansa albashi a kansa. Abin da duniya ke tuna shi da shi kuwa, a lokacin hutunsa ya yi shi.

Tun 1935 Einstein da abokan aikinsa biyu, Podolsky da Rosen, suka tayar da wata tambaya da ta hana masana sakat. Kimiyyar kwantum ta ce ƙwayoyi biyu da suka fito daga tushe ɗaya, misali ƙwayoyin haske, suna iya sarƙewa da juna, ta yadda in aka auna ɗaya, nan take an san abin da za a samu a ɗayar komai nisanta. Einstein bai ga abin al'ajabi a nan ba. A ganinsa kamar mutum ne ya baro gidansa a Maitumbi, ya isa Abuja ya buɗe jaka ya tarar da takalmin ƙafar dama kaɗai: ya san na hagu yana Minna, ba don takalman sun yi magana ba, sai don tun farko haka suke. Niels Bohr da mabiyansa suka ce a'a, ƙwayar ba ta da tsayayyar amsa sai an auna ta. Kusan shekara talatin ana ɗaukar zancen gardama ce ta falsafa wadda babu gwajin da zai raba ta.

A 1964, yana hutun nazari a Amurka, Bell ya nuna cewa akwai. In ƙwayoyin na ɗauke da amsarsu tun daga tushe, kamar takalman nan, to idan aka riƙa juya na'urorin aunawa zuwa kusurwa daban-daban, dacewar sakamakon ɓangarorin biyu tana da iyakar da ba za ta wuce ba. Lissafin kwantum kuwa ya ce za ta wuce. A siffar da aka fi gwadawa daga baya, iyakar ita ce 2, kwantum kuma yana kaiwa kusan 2.83. Ya buga takardar a wata ƙaramar mujalla mai suna Physics, wadda ba ta daɗe ba ta daina fitowa, kuma aka shafe shekaru kusan babu mai waiwayarta.

Abin lura shi ne zuciyar Bell tana tare da Einstein, amma ma'aunin da ya ƙera shi ya kayar da hasashen Einstein ɗin. A 1972 John Clauser da Stuart Freedman suka gwada a Berkeley da tagwayen ƙwayoyin haske daga sinadarin kalsiyam da gilasan tace haske, suka ga an ƙetare iyakar. Da matashi Alain Aspect ya je neman shawararsa a 1975, abin da Bell ya fara tambayarsa shi ne ko an tabbatar da shi a aiki, domin a lokacin taɓa wannan batu yana iya kashe wa mutum makoma. A 1982, a Orsay ta Faransa, Aspect ya riƙa sauya yadda ake aunawa alhali hasken yana kan hanya, sakamakon bai canza ba. Duk da haka sarƙewar ba ta ba da damar aika saƙo fiye da gudun haske, saboda kowane ɓangare shi kaɗai sakamakon kan-mai-uwa-da-wabi yake gani, sai an haɗa lissafin biyu dacewar ke bayyana.

Bell ya rasu a Geneva ranar 1 ga Oktoba, 1990, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 62. A 2022 aka ba Clauser da Aspect da Anton Zeilinger kyautar Nobel kan gwaje-gwajen da suka tsiro daga takardarsa. Shi kuwa ƙa'idar kyautar ta hana a ba mamaci. A Belfast ma ƙa'idar majalisar birni ba ta son sa wa titi sunan mutum, sai aka zagaye ta, aka sa wa wani titi sunan ƙa'idar lissafin da ya gano.