Malam Aminu Kano, Jagoran Talakawa

A ƙasar Gumel, daga Sule Tankarkar zuwa Maigatari da Gagarawa, da wuya a sami dattijon da bai san sunan Malam Aminu Kano ba. Shi kuwa ba mutumin Gumel ba ne, Bakano ne. Bai taɓa yin sarauta ba, bai tara dukiya ba, bai kuma zama Gwamna ko Shugaban Ƙasa ba. Abin da ya haɗa shi da mutanen waɗannan garuruwa shi ne, a zamaninsa ƙasar Gumel tana cikin Lardin Kano, daga baya kuma cikin Jihar Kano, sai a shekarar 1991 aka yanki Jihar Jigawa. Saboda haka wahalar da ya tashi yaƙi da ita tasu ce, sauƙin da aka samu kuma ya iske su har gida.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, ran 9 ga watan Agusta, 1920. Gidansu gidan malamai ne, na Fulani Gyanawa, waɗanda aka sani da ilmin shari'a tun kaka da kakanni. Ubansa, Malam Yusufu, muhuti ne a majalisar Alƙalin Kano. Uwarsa, Rakiya, ita ma mai karatu ce, a wurinta ya fara koyon Alƙur'ani, amma ta rasu tun yana ƙarami. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba ya rasa jin maganar shari'a dare da rana. Tun da wuri Aminu ya san abin da littafi ya ce game da adalci, ya kuma ga yadda akan bar littafin a gefe in mai ƙarfi ya shigo cikin magana.

Yana da shekara goma aka sa shi makarantar elementare ta Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano. A can ne ya fara nuna halinsa, domin shi ya shiga gaban 'yan'uwansa ɗalibai sa'ad da suka kai kuka game da ƙarancin abinci da sabulu. A shekarar 1937 ya shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka kafa a Katsina aka mayar da ita Kaduna. Ya gama a 1942, aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi.

A Bauchi ya tarar da mutum biyu waɗanda suka zama abokansa, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur. Malam Abubakar mutum ne mai haƙuri, mai auna magana kafin ya faɗe ta. Malam Sa'adu kuwa, masani ne ƙwarai, mawaƙi, mai kaifin harshe, ba ya tsoron kowa, kuma ra'ayinsa ya fi kama zuciyar Malam Aminu. Suka riƙa yin taron muhawara tare da waɗansu ma'aikata, har Turawan mulki sukan zo su zauna. Da fari maganganu ne masu sauƙi. Amma da muhawara ta kai ga mulkin En'e da albashin sarakuna, sai hukuma ta rufe taron.

A shekarar 1946 aka aika da shi Ingila, ya yi karatun aikin koyarwa a Jami'ar Landan. Ya ga abin da bai taɓa gani a gida ba. Ya ga lebura yana jefa ƙuri'a daidai da attajiri, ya ga ma'aikata suna da ƙungiyoyinsu, ya ga ana faɗa wa minista kuskurensa a fili ba a ɗaure kowa ba. A lokacin nan kuma ƙasar Indiya tana gab da samun mulkin kai, ya karanta labarin Gandhi, wanda ya yi jayayya da Turawa ba tare da ɗaukar makami ba. Da ya komo, ya kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948. Ba da daɗewa ba aka ɗauke shi daga Bauchi aka kai shi kwalejin horon malamai ta Maru, cikin Lardin Sakkwato.

To, kafin a gane abin da ya yi bayan wannan, sai an san yadda talaka yake zaune a wancan zamani.

Turawa ba su yi mulkin Arewa da hannunsu kai tsaye ba. Sun bar sarakuna bisa gadonsu, suna ba su umurni ta bakin Razdan da Di'o. Hukumar sarki ita ake kira En'e. Alƙalai nata ne, 'yan doka nata ne, gidan kurkuku ma nata ne. Daga sarki umurni yakan sauka kan hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, sa'an nan ya faɗa kan talaka, wanda ba shi da na ƙasa da shi da zai miƙa wa. Kowace shekara, da kaka ta yi, sai a fito karɓar haraji daga kowane namiji baligi. Ba a tambayar ko damina ta yi kyau. Manomin da gero bai yi masa albarka ba yakan sayar da akuyarsa, ko ya buɗe rumbun da iyalinsa za su ci da bazara, ko kuwa ya bar gari da dare. Fulani kuma suna biyan jangali a kan kowace saniya, shi ya sa waɗanda ke kusa da iyaka sukan kora shanunsu su tsallaka in sun ji masu ƙidaya na tafe. Ban da wannan akwai aikin tilas, da noman gandun masu sarauta, da gaisuwar da mutum zai riƙe a hannu in yana so a saurari kukansa. In talaka ya gamu da basarake a hanya, sai ya tuɓe takalmi ya faɗi ƙasa.

Ba dukan masu sarauta ne azzalumai ba. Akwai masu tsoron Allah da tausayin jama'arsu, kuma mutane suna tunawa da su da alheri. Aibin yana ga tsarin kansa: in aka yi rashin sa'a aka sami mugu, talaka ba shi da wurin kai ƙara, domin wanda ya cuce shi shi ne mai alƙalin, shi ne kuma mai kurkukun.

Ran 8 ga watan Agusta, 1950, waɗansu samari takwas suka taru a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Dambatta, da Mudi Sipikin. Malam Aminu yana Maru a lokacin, ma'aikacin gwamnati ne, ba shi da damar shiga siyasa a fili. A watan Nuwamba na wannan shekara ya ajiye aikinsa ya komo Kano. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan Arewa masu ilmi irin nasa ba su da yawa a sa'an nan, da ya yi shiru da ya hau manyan muƙamai yana zaune. Ya bar albashi ya kama hanyar da ba ta da tabbas. A 1953 aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar.

Aikinsa na farko koyarwa ne, ajin ne kawai ya sauya. Ya riƙa bin garuruwa da kasuwanni yana lacca cikin Hausa mai sauƙi, da misalai da ban dariya, yadda mai faskare da mai tallan fura za su gane. Ya koya wa mutane su nemi rasit in sun biya haraji, su san adadin da aka yanka musu, su ƙi yin aikin da ba lada, su ɗaukaka ƙara in an yi musu hukuncin zalunci. Ya koya musu cewa gaisuwa da ladabi daban, faɗuwa ƙasa gaban ɗan'adam daban. Abokan hamayyarsa suka ce yana raba mutane da al'adarsu da addininsu. Amma a nan ba su same shi da sauƙi ba, gama shi ɗan malamai ne, mai tafsirin Alƙur'ani. Yakan kafa hujja da littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi, ya nuna cewa Shehu da kansa ya la'anci cin hanci a wurin shari'a da ɗora wa talakawa kuɗin da shari'a ba ta sa ba.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne mabiyansa na ƙauyuka, teloli da mahauta da 'yan koli da ƙananan malamai, waɗanda ba a rubuta sunan yawancinsu a ko'ina ba. Shugaba yakan yi lacca ya tafi, su kuwa suna nan tare da hakimi. Ba a yin taro sai da iznin En'e, iznin kuwa ba ya samuwa. Wanda ya yi ba izni sai a kai shi gaban alƙali, a yi masa bulala ko a ɗaure shi wata uku ko shida. Wani a ƙara masa haraji, wani a karɓe gonarsa, wani a kore shi daga garin da aka binne cibiyarsa. A Kano har aka sami wata ƙungiya da ake kira 'Yan Mahaukata, masu dukan 'yan NEPU a titi. Mata ma ba su tsira ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, an ɗaure ta sau da yawa. Duk da haka Malam Aminu bai yarda a ɗauki makami ba, ko da yake ba kullum ne samarin jam'iyyarsa suka iya haɗiye fushinsu ba.

A wajen zaɓe bai yi sa'a sosai ba. A 1951 'yan NEPU sun ci kujeru da yawa a matakin farko a Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e tana da ikon ƙara mutanenta a tsakiya, saboda haka ko ɗaya bai kai majalisa ba. Shi kansa ya faɗi a 1954 da 1956, sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Majalisar Wakilai a Ikko. A sa'an nan tsohon abokinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne Firayim Minista. Jam'iyyarsu ba ɗaya ba ce, amma bai hana a sa Malam Aminu cikin wakilan Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Malam Sa'adu Zungur bai ga wannan ba, ya rasu a 1958.

Bayan soja sun karɓi mulki, Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi kwamishinan sadarwa na tarayya a 1967, daga baya kuma na lafiya. Waɗansu sun zarge shi da zama cikin gwamnatin soja. Amma a cikin waɗannan shekaru ne aka cire kotuna da 'yan doka da gidajen kurkuku daga hannun En'e aka mayar da su ga gwamnati, abin da NEPU ta yi ta nema tun farko.

Akwai wani abu kuma da ya dage a kai tun mutane suna yi masa dariya, watau ilmin mata da 'yancinsu. Ya buɗe aji a gidansa inda mata ke koyon karatu da rubutu da ɗinki. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa an hana su. Sai a 1976 aka ba su wannan dama.

Da aka komo siyasa a 1978 ya kafa jam'iyyar PRP, mai alamar mabuɗi. Ya nemi shugabancin ƙasa a 1979 bai samu ba, Alhaji Shehu Shagari ya ci. Amma jam'iyyarsa ta ci jihohi biyu: Alhaji Abubakar Rimi ya zama Gwamnan Kano, Alhaji Balarabe Musa ya zama na Kaduna. Suna hawa, a watan Oktoba na 1979, suka soke haraji da jangali. Daga wannan shekara manomin Sule Tankarkar ya daina ɓuya in ya hangi mai unguwa da kaka, Bafulatanin da ke kai shanu kasuwar Maigatari kuma ya daina ɓoye adadin garkensa. A shekarar da ta biyo gwamnatin Kano ta kafa hukumar yaƙi da jahilci domin manya, maza da mata.

Daɗin bai daɗe ba. Saɓani ya shiga tsakanin Malam da gwamnonin nan biyu, jam'iyya ta rabu gida biyu, 'yan Taɓo suna tare da shi, 'yan Santsi suna tare da gwamnoni. Mutanen da suka sha ɗauri tare suka koma ba sa ga maciji da juna, aka yi ta jifan juna da munanan maganganu. Ya iya tayar da mutane daga barci fiye da yadda ya iya riƙe su wuri guda bayan sun tashi, kuma wannan rabuwa ta ɓata masa shekarunsa na ƙarshe.

Yana shirin sake tsayawa zaɓe, har ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa, sai ajali ya cim masa. Ya rasu ran 17 ga watan Afrilu, 1983, a gidansa na Gwammaja, yana da shekara 62. Jama'ar da ta taru wajen jana'izarsa ta cika unguwar har ta tumbatsa, aka binne shi a cikin gidan. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana riƙe da ma'aikatun tarayya bai bar wata dukiyar kirki ba, sai gidan nan da littattafai da fararen rigunansa da jar hularsa.

An sa sunansa ga filin jirgin sama na Kano da babban asibitin koyarwa na birnin. Gidansa kuwa an ba Jami'ar Bayero, ta mai da shi wurin nazarin mulkin jama'a, inda ake taruwa a yi muhawara, ɗalibai kuma sukan je su ga ɗakinsa da kabarinsa. Ana kiran gidan Mambayya, laƙabin uwarsa ke nan, wadda ta fara ɗora masa karatu.